Amanar Ɗan Firamare: Karatunsa, Ladabinsa da Tsaron Lafiyarsa

Jama'a masu saurare, iyaye maza da iyaye mata, malaman boko da malaman allo, shirinmu na yau ku ya fuskanta, musamman ku mutanen ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. 

Maganar da za mu yi yau ta shafi yaron da ke tsakanin shekara shida da goma sha biyu, watau ɗan firamare, da abin da ya rataya a wuyan iyayensa game da karatunsa da ladabinsa da tsaron lafiyarsa. Ko da yake mutane sun saba raba waɗannan abubuwa uku, su miƙa karatu ga malamin makaranta, su bar ladabi ga liman da malamin allo, su jingina tsaro ga hukuma, wanda duk ya yi nazari a tsanake zai tarar cewa a wuri guda suke haɗuwa, watau tsakar gida, domin makaranta ba ta riƙe yaro sai awa biyar ko shida a yini, sauran lokacin kuwa, da dare da hantsin Asabar da Lahadi da hutun ƙarshen zango, duka a hannun uwa da uba yake. Malaman usulu sun lissafa abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin kiyaye su, su ne addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, kuma idan muka dubi ɗan firamare za mu ga cewa uku daga cikinsu, addininsa da ransa da hankalinsa, suna cikin shekarun da suka fi bukatar mai gadi.

Bari mu fara da abin da ƙasar nan ta gani da idonta, domin babu wata hujja da ta fi shi ƙarfi. Kafin shekarar 2010 ba a san irin wannan bala'i ba, kakanninmu kuma ba su ba mu labarinsa ba. A cikin 2010 ne, bayan da farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutane suka dukufa ga haƙa, aka fara ganin ƙananan yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hanyar da ba a saba gani ba, yaro ya kama amai da ciwon ciki, ya yi ta jijjiga, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi zaton sanƙarau ne, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika da jinin yaran aka auna, sa'an nan gaskiya ta bayyana cewa gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya cike suke da dalma, kuma da yake ana kawo su har cikin gida, ana daka su a turmi, ana kai su injin niƙa, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, sai ƙurar ta bi ƙasa da kwanon abinci da yatsun yaro har ta shiga cikinsa. Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sunaye ne da duniya duka ta ji a wannan lokaci, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. An kankare saman ƙasar gidaje an zubo sabuwa, an ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka samu kuɗin aikinta daga gwamnatin tarayya, bayan dogon jira da kiraye-kiraye.

Mai saurare zai iya tambaya, me ya haɗa wannan da karatun ɗan firamare? Abin da ya haɗa su shi ne, dalma ba kisa kaɗai take yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro, ba ya sa shi jijjiga, yana iya dushe masa fahimta, ya rage masa ji, ya hana shi natsuwa a aji, ya sa masa saurin fushi da rashin jin magana, maganin da ke wanke jini kuwa ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Saboda haka yaron da ake kira daƙiƙi a makaranta, ana dukansa a gida domin ya kasa riƙe abin da aka koya masa, mai yiwuwa ne marar lafiya ne da ke bukatar a kai shi asibiti a auna jininsa, alhali ana ta ba shi bulala a kan laifin da ba nasa ba. Haƙar ma'adinai ba ta ƙare ba, gwamnatin tarayya ta hana ta a Zamfara a 2019, ta kuma ɗage hanin a ƙarshen 2024, don haka wajibi ne a kan duk magidancin da ke wannan sana'a ya kiyaye abubuwa kaɗan waɗanda ba sa cin kuɗi: kada dutsen ma'adini ya ƙetare ƙofar gida, kada a daka shi a turmin abinci ko a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ya yi wanka ya sauya tufafi da takalma kafin ya shigo ya ɗauki ɗansa, kada kuma ya yarda yaro ya je bakin rami ko wurin wankin ƙasa, ko da kai abinci ne ko tallan ruwa. Ke kuma uwargida, ki sa yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ki rufe abinci da ruwan sha, ki kuma sani cewa kwallin dutse da ake rambaɗa wa yara a ido, mafi yawansa daga dutsen dalma ake samunsa, barinsa ya fi alheri.

To, idan an tsare wa yaro hankalinsa daga guba, sai a zo ga abin da za a zuba a cikin hankalin. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, maza da mata suna halartar majalisinsa, har wasu malamai suka soke shi a kan halartar matan, shi kuwa bai fasa ba, domin a wurinsa barin mace cikin jahilci ya fi muni. A garin Gummi aka haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fara karatun Alkur'ani a gaban mahaifinsa, alƙali ne, kana aka sa shi elementare a Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, ya yi makarantar shari'a ta Kano, ya ƙaro ilimi a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara ma'anonin Alkur'ani mai girma zuwa Hausa, aka kuma ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Abin lura a tarihinsa shi ne, mahaifinsa bai ga saɓani tsakanin allo da boko ba, kuma karatun farko a gida aka yi shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara kyauta, gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, amma doka ba ta tashin yaro daga barci da asuba, ba ta kuma dama masa koko.

Ga wani abu da ya kamata kowane uba ya gane. Zuwa makaranta daban, iya karatu daban. Yaro yana iya kai aji huɗu yana rera abin da malam ya rubuta a allo tare da sauran 'yan aji, da murya mai daɗi, alhali hadda ce kawai ta kunne, idan ka ware shi ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafi sai ya yi tsuru-tsuru. Malaman allo sun daɗe da sanin maganin wannan, shi ya sa suke bi da yaro daki-daki, daga babbaƙu zuwa farfaru, ba sa wuce mataki sai ya zauna. Karatun boko na Hausa ma haka yake, har ya fi na Ingilishi sauƙi nesa, domin kowane baƙi sautinsa ɗaya ne, wasula biyar ne, idan yaro ya san baƙaƙe, har da masu lanƙwasa, ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da gaɓa, ya haɗa gaɓa da gaɓa ya fitar da kalma, to ƙofa ta buɗe masa. A kan wannan hanya aka gina shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa a makarantun Zamfara da Katsina domin koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa, domin yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin kama na wani harshe daga baya. Don haka, malam maigida, ka jarraba ɗanka da kanka, ka buɗe littafinsa a shafin da ba a kai ba tukuna, ka ce ya karanta maka layi biyu, in ya iya ka gode wa Allah ka sa masa albarka, in ya kasa kada ka zage shi, ka tafi wurin malaminsa cikin mutunci ku yi shawara.

Na san akwai uwar da ke saurare yanzu tana cewa a ranta, ni da ban taɓa shiga aji ba, me zan iya yi? Iya, abin da za ki iya yana da yawa. Ki ware ɗan lokaci kowace rana, tsakanin Magariba da Isha'i ko bayan La'asar tun da sauran haske, ki zaunar da yaron kusa da ke yana karanta miki da ƙarfi kina aikinki, in ya gama ki tambaye shi, wa aka ambata a labarin, me ya yi, me ya sa ya yi haka, domin ko ba ki san baƙi ba kin san magana mai ma'ana da wadda ba ta da ita, kuma yaron da ya san za a tambaye shi ba ya karatun aku. Ki ba shi katin asibiti ya karanta miki, da rubutun buhun taki, da saƙon da ya shigo waya, domin ya ga cewa karatunsa yana da amfani a gidan tun yau. Ki yi masa tatsuniya da kacici-kacici kamar yadda aka yi miki, domin yawan kalmomin da yaro ya ji a gida shi ne jarin da yake shiga aji da shi. In akwai yaya ko ɗan maƙwabta da ke sakandare, a roƙe shi ya riƙa zama da ƙanne. In hali ya samu, a sayi littafi ɗaya na hikaya, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, waɗanda tun shekarun 1930 suke koya wa 'ya'yan Hausawa son karatu, gidaje uku ko huɗu su riƙa karɓa-karɓa. Sa'an nan a kula da fashi, domin yaron da ake cirewa ranar kasuwa saboda talla, a cire shi da damina saboda noma da kiwo, a cire shi da kaka saboda girbi, in aka lissafa sai a ga rabin shekara kawai ya yi a aji, kuma 'ya mace ita ta fi shan wannan asara. A kuma lura da ido da kunne, in yaro yana matse ido in yana duban allo, ko ana kiransa ba ya waiwayowa, asibiti za a nufa.

Mu juya ga ladabi. Shekarun firamare su ne shekarun da shari'a ta ce a fara umurtar yaro da salla, kuma hikimar da ke ciki a fili take, domin a wannan lokaci ne ɗabi'a take kafuwa, ta gari ko ta banza. Malaman tarbiyya, irin su Imam Gazali, sun yi dogon bayani cewa yaro da kwaikwayo yake koyo fiye da wa'azi, saboda haka uban da ke aika ɗansa ƙofar gida ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, ya riga ya karantar da darasin ƙarya wanda malamin Islamiyya zai yi shekara bai goge ba, uwar da ke ɗura wa 'yarta ashar in ta yi kuskure kuwa, kada ta yi mamaki in ta ji wannan ashar a bakin yarinyar ranar da ta yi faɗa da ƙawarta. Gaisuwa da durƙusawa ga manya, da neman izini kafin shiga ɗaki, da mayar da canji cikakke in an aike shi, da riƙe amanar fensirin ɗan'uwansa, ƙananan abubuwa ne a ido, amma da su ake gina mutumin da za a ba amanar gari gobe. Horo wajibi ne, sai dai horon da ya fi tasiri shi ne wanda yaro ya san dalilinsa, aka yi shi ba cikin fushi ba, ba a gaban abokansa ba, kuma aka haɗa shi da yabo a ranar da ya yi daidai, domin yaron da bai san komai daga ubansa ba sai tsawa, ƙarshensa ya koyi ɓoye laifi maimakon barinsa.

A nan akwai wani abu da zamaninmu ya kawo wanda dole a faɗe shi. Yaran ƙasar nan da yawa sun ji ƙarar bindiga, wasu sun kwana a daji, wasu suna zaune a garin Anka ko Gummi a matsayin 'yan gudun hijira bayan an tashi ƙauyukansu, kamar yadda ya faru a hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022. Yaron da ya ga irin wannan yana iya komawa fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa firgita cikin barci, ko ya yi shiru ya daina wasa, ko ya zama mafaɗaci, kuma duk wannan alamar tsoro ce da ke cinsa a ciki, wadda lallashi da jawo shi a jiki da addu'a da komawa makaranta cikin 'yan'uwansa suke warkarwa, duka kuwa ƙara ta yake yi. Kada a riƙa ba da labarin kisa dalla-dalla a gaban yara, kada a miƙa musu waya mai ɗauke da hotunan gawawwaki ko bidiyon 'yan bindiga suna taƙama da kuɗi da makamai, domin zuciyar yaro ba ta rarrabe abin tsoro da abin sha'awa kamar ta babba. A san abokansa, a san inda ya samo kuɗin da ba a ba shi ba, a kuma yi hattara da masu aiken yara sayen ƙwaya ko kai saƙo daji.

Game da tsaron hanya da makaranta, ba mu manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, ko ɗaliban Kaya ta ƙasar Maradun da aka ɗauka a watan Satumba na 2021, abin da ya sa aka rufe makarantu na wani lokaci. Tsare rayuka hakki ne a kan hukuma, Nijeriya ma ta sa hannu a kan yarjejeniyar duniya ta kare makarantu tun 2015, kuma iyaye suna da ikon su tuna wa shugabanni wannan alkawari ta bakin hakimai da sarakuna da kwamitin kula da makaranta. Amma tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Yara su riƙa tafiya a ayari, manya a gaba da baya, ta hanya ɗaya da aka sani, a lokaci ɗaya da aka sani. Kowane yaro ya haddace cikakken sunansa da na mahaifinsa da sunan garinsu da lambar waya ɗaya, kamar yadda ya haddace Fatiha. A koya masa kada ya hau babur ɗin wanda bai sani ba ko da ya ce baba ne ya aiko shi, kada ya ba baƙo labarin dukiyar gidansu ko tafiyar mahaifinsa, kada ya taɓa wani ƙarfe ko ƙunshi da ya tsinta a hanya ko a gona. Iyaye da shugaban makaranta su zauna tun ana zaman lafiya su yanke shawarar inda za a tara yara in wani abu ya taso da wanda zai sanar da wa, domin ranar firgici ba ranar shawara ba ce, kuma jita-jitar da ake yaɗawa ta waya ba tare da tabbaci ba tana iya sa yara su tattake juna a ƙofar aji alhali babu kowa a tafe.

Har ila yau akwai haɗarin da ba ya ɗauke da bindiga. Mutanen Gummi sun ga ambaliyar da ta ci gidaje a daminar 2024, sun kuma ga kwalekwalen da ya kife da manoma a watan Satumba na 2024, don haka in gulbi ya kawo, kada a bar yaro ya ƙetare shi kaɗai ko a cusa shi a jirgin da ya riga ya cika, fashin kwana biyu ya fi asarar rai. Wanka a kududdufi da tafki yana kawo tsargiya, in an ga jini a fitsarin yaro a kai shi asibiti, akwai maganinta. A kwantar da yara cikin gidan sauro, domin zazzaɓi yana cikin manyan abubuwan da ke hana su zuwa aji. 'Ya mace kuma, uwa ta saba mata da hira tun tana ƙarama, ta san cewa in wani ya taɓa ta ta hanyar da ba ta dace ba, ko ya kira ta ɗaki da sunan sayen abin talla, za ta iya faɗa wa uwarta ba tare da an doke ta ba, domin mai mugun nufi da shirun yaro yake fakewa.

Jama'a masu saurare, kafin mu sake haɗuwa a mako mai zuwa, muna roƙon kowane magidanci da kowace uwa su yi abu uku: a duba gidan a fitar da duk wani dutse ko garin ma'adini da ke cikinsa, a zaunar da ɗan firamare ya karanta layi biyu a shafin da bai taɓa gani ba, a kuma taka har makaranta a gaisa da malaminsa, a tambayi ranar taron kwamiti. Wanda ya yi, ya gaya wa maƙwabcinsa abin da ya gani, domin tarbiyyar yaran unguwa farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya ɗauki alhaki. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya. A nan za mu dakata.